Jaririn da aka haifa hannu ɗaya baya motsi: ɗori, gashi ko tiyata, wanne kuma yaushe?

Tambayar da tafi yawa a bakin iyayen da aka haifa musu yaro hannu ɗaya a sake ita ce wai gashi, wato motsa gaɓoɓi irin na asibiti, yafi ko tiyata, wasu ma tun kafin a kai ga wannan tambayar kakar yaro ta riga ta aika an kira mai ɗori. Toh mu da muke ganin yaran nan a ɗakin gashi, abin da muke fara tambaya shi ne watansa nawa yau, kuma me hannun ya fara yi da kansa wanda baya yi a watan da ya wuce, saboda amsar tana canzawa ne da watanni, abin da yake daidai a wata biyu zai iya zama sakaci a wata takwas.

Ga abin da ya faru a jikin tukuna. Akwai jijiyoyi guda biyar da suke fitowa daga laka ta gefen wuya, ba jijiyar jini ba, jijiyar da take kai saƙon motsi da jin taɓi, likitoci sun sa musu lamba C5, C6, C7, C8 da T1. Suna haɗuwa su sarƙe a gindin wuya sannan su rarrabu su gangara hannu, na saman su ne masu ɗaga kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, na ƙasan su ne masu yatsu da riƙo. Wajen haihuwa idan kai ya fito kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara na uwa, wuya ya karkace gefe guda, sai jijiyoyin su miƙe fiye da ƙarfinsu. An fi ganinsa ga ƙaton jariri wanda ya haura kilo 4, ga mai ciwon suga, ga doguwar naƙuda, ga ɗan da ya zo ta ɗuwawu ko ta ƙafa. A cikin haihuwa 1,000 ana samun kamar ɗaya zuwa uku. Kuma ana samunsa har ga yaran da aka ciro ta hanyar aiki, don haka dan Allah a daina ɗora wa mai jego laifin wai bata yi nishi da kyau ba.

Mafi yawa na saman ne suke taɓuwa, sai ki ga hannun ya miƙe a jikin haƙarƙari, ya murɗe ciki, tafin hannu yana kallon baya, amma in kin sa masa yatsanki a tafi zai damƙe. Wannan shi ne za ki ga an rubuta Erb's palsy a katin asibiti, sunan wani likitan Jamus ne Wilhelm Erb da ya yi bayaninsa a 1874. Wani yaron kuma duka biyar ɗin ne, hannun gaba ɗaya lakwas, yatsu ma basa komai.

Ki ɗauka igiya ce a ɗaure jikin turke dabba ta fizga. Wani lokacin miƙewa kawai ta yi bata tsinke ba, wannan cikin makonni zuwa wata biyu ko uku ya warke tas. Wani lokacin zaruruwan ciki sun tsinke amma bayan yana riƙe, wannan jijiyar zata sake tsirowa da kanta a hankali, kamar milimita ɗaya a rana, wato inci ɗaya a wata. Wani lokacin ta tsinke gida biyu, bakin biyun sun rabu tabo ya cike tsakani, abin da zai iya ratsawa kaɗan ne. Na ƙarshe turken ne ya tumɓuke, jijiyar ta fizge daga jikin laka, wannan kam bata komawa da kanta har abada kuma ba'a iya mayar da ita gurbinta. Matsalar ita ce ranar suna duk huɗun nan kamanninsu ɗaya, hannu a sake, babu likitan da zai kalli jaririn kwana bakwai yace miki ga irin wanda ya same shi, sai dai wasu alamomi da zan faɗa. Lokaci ne yake bambance su, shi yasa lissafin wata ya zama shi ne komai.

Kafin ma a zo ga zaɓi, a satin farko a kai shi a yi hoton ƙashi, don karayar ƙashin nan da ya tashi daga wuya zuwa kafaɗa ko ta damtse ita ma tana sa jariri ya ƙi motsa hannu saboda zafi, ita kuma cikin sati biyu zuwa uku ta haɗe. In da zazzaɓi ko kafaɗar ta kumbura ta yi zafi, wannan ƙwayar cuta ce a gaɓa, asibiti a ranar ba gobe ba. In yana numfashi da sauri da ƙyar shima a faɗa wa likita, jijiyar da ke motsa tsokar numfashi maƙociyarsu ce takan taɓu tare da su. Sannan ki kalli idonsa na ɓangaren hannun, in fatar idon ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon ya fi na ɗayan ƙanƙanta, ga hannu duka a sake har yatsu, toh wannan alama ce mai ƙarfi ta cewa an samu tumɓukewa, irin wannan yaron tun yanzu maganar tiyata ake, ba'a jira a ga abin da hali zai yi.

Sai ɗori. Bana raina masu ɗori, suna kusa, basa tsawwala kuɗi, sun san gidan kowa, kuma tsofaffi sun yarda da su. Amma abin da mai ɗori yake gyarawa ƙashi ne, a nan kuwa ƙashin lafiyarsa ƙalau, raunin yana can cikin gindin wuya inda hannu baya kaiwa. Abin da yake ruɗar mutane shi ne kamar yara bakwai zuwa takwas cikin goma suna warkewa da kansu ko an taɓa ko ba'a taɓa ba, sai a kai yaro wajen ɗori a sati na biyu, a wata na biyu hannu ya fara tashi, shikenan sai labari ya zagaye unguwa wai wane ya iya. Sauran biyu ko ukun da basu warke ba su ne ake ta yawo da su daga wannan mai magani zuwa wancan har yaro ya fara tafiya. Ga kuma illar da ake gani da ido, ja da murɗa hannu yana ƙara yaga jijiyar da take ƙoƙarin haɗewa, ɗaure hannun jariri tamau da kara da tsumma yana tare jini, an sha yanke hannun yara a asibitocin ƙasar nan saboda ɗaurin da ya ruɓar da shi. Haka gasa hannu da tsumman ruwan zafi ko man zafi, yaron da baya jin taɓi a hannun zai ƙone bai yi kuka ba sai dai ki ga fata ta tashi. Ko wankan jariri da iyayenmu suke yi a miƙe hannu a lanƙwasa shi ta baya a girgiza, a roƙi Inna ko Hajiya cikin ladabi ta tsallake wannan hannun, kuma in za'a goya shi kar a cira shi ta hannu ɗaya a wurga baya kamar yadda aka saba, a tallabo shi ta ƙirji da ɗuwawu. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi, babu abin da suka hana.

Gashi shi ne na kowa, wanda zai warke da kansa yana buƙata, wanda za'a yi wa tiyata yana buƙata kafin aiki da bayan aiki. Amma ina so a fahimci iyakarsa, don mu kanmu ma'aikatan gashi wani lokacin bama faɗa ƙarara. Gashi baya haɗa jijiyar da ta tsinke. Aikinsa shi ne ya tsare gaɓoɓi kar su sandare, ya tsare kafaɗa kar ta goce, ya riƙa tuna wa yaro cewa yana da wannan hannun, har zuwa lokacin da jijiyar zata iso da kanta ko likita ya jona ta. Dalilin kuwa, tsokokin da suke murɗa hannu ciki yawanci suna da ƙarfinsu, masu juya shi waje su ne suka mutu, sai masu ƙarfin su yi ta ja ba mai ja da su, a hankali kan ƙashin damtse ya fara zamewa baya daga gurbinsa, gurbin kansa ya girma a karkace, kuma wannan yakan fara tun yaro bai kai wata shida ba.

Shi yasa motsin da yafi kowanne muhimmanci shi ne wannan. Bayan sati ɗaya zuwa biyun farko, in hoto ya nuna ba karaya, ki kwantar da shi rigingine a kan tabarma ko cinyarki, ki riƙe gwiwar hannayensa duka biyu manne da haƙarƙarinsa, a lanƙwashe, tafin hannu yana kallon sama, sai ki buɗe hannayen waje a hankali kamar bayan hannun zai taɓa shimfiɗa, gwiwar kuma bata bar jikinsa ba. In kin ji ya tsaya ki riƙe a nan ki ƙirga kamar ashirin zuwa talatin ki saki. Yin hannu biyun tare shi zai nuna miki bambanci, in mai lafiyar yana kwanciya har ƙasa ɗayan kuma ya fara tsayawa a rabi, ki faɗa a asibiti. Sai ɗaga hannu sama ta gefen kunne kina danne allon kafaɗa da ɗaya hannun naki, sai lanƙwasa gwiwa da miƙe ta, juya tafi sama da ƙasa, wuyan hannu da yatsu ɗaya bayan ɗaya. A duk canjin famfas ko nafkin, don kar a manta. Zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a sati don a duba a gyara miki hannu ne, amma ainihin gashin a ɗakinki yake, kuma a koya wa mutum biyu a gidan, maigida ko ƙanwa, don ranar da kika kwanta rashin lafiya kar a tsaya.

Iyaye da yawa sun fi ganin ƙimar injin nan da ake liƙa wa yaro waya tsoka ta riƙa harbawa, in ba'a sa ba sai su ga kamar ba'a yi komai ba. Gaskiya babu gamsasshiyar hujja cewa yana sa jijiya saurin tsirowa a jarirai, haka ruwan bitamin B da ake rubutawa. In an sa a hannun wanda ya iya ba laifi, amma kar ki ƙarar da kuɗin mota a kansa ki bar miƙe kafaɗar.

Yanzu yaya za'a san gashi kaɗai ya isa ko bai isa ba. Ki ɗauko katin riga-kafi, shi ne kalandarki. In yaro ya cika wata ɗaya hannun bai dawo daidai da ɗayan ba, lokaci ya yi da likitan ƙashi ko likitan tiyatar hannu zai gan shi, ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2017 kenan, kuma ganin likita ba yana nufin za'a yanka ba, a san da shi ne kawai a fara rubuta abin da yake iya yi. Allurar sati 6 da ta sati 10, kina lura ko ya fara ɗago hannun daga shimfiɗa. Allurar sati 14 ita ce babbar tasha, ya haura wata uku kenan, tambayar guda ce, in yana zaune a cinyarki ko kin tallabe shi zai iya lanƙwasa gwiwar hannu ya ɗago tafin zuwa wajen bakinsa da ƙarfin kansa? Ba yatsu ba, yatsu suna yaudara, uwa zata ce ai yana motsi alhali tun ranar haihuwa yatsun suna motsi. Yaron da ya yi wannan kafin wata uku galibi yana ƙarewa da hannu lafiyayye ko kusa da haka, nasa gashi ne da sa ido a kan kafaɗa. Ki riƙa ɗaukarsa bidiyo a waya duk wata a zaune ɗaya, ido yana mantuwa kuma zuciyar uwa tana ganin ci gaban da take fata.

In bai yi ba fa, a nan ne su kansu manyan likitocin suka rabu. Alain Gilbert na Faris tun shekarun 1980 yake cewa in wata uku ta cika tsokar damtse bata farfaɗo ba a buɗe a gyara, hujjarsa tsoka bata jira har abada, in ta yi wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi jijiya bata iso ta ba ta lalace kenan, ko an jona daga baya babu mai karɓar saƙon, kuma bayan an yi aikin ma sai jijiyar ta yi tafiyar inci ɗaya a wata kafin ta isa. Peter Waters na Boston a Amurka ya nuna cewa akwai yaran da damtsen ke dawowa a wata na huɗu ko na biyar da kansu, duk da dai kafaɗarsu bata cika dawowa daidai ba, don haka masu bin wannan layin suna jira zuwa wata biyar ko shida kar a yanka wanda da zai tashi. Su kuma na asibitin yara na Toronto, Howard Clarke da abokan aikinsa, suna aunawa a wata uku su ci gaba da bibiya, sai a wata tara su yi gwajin biskit, a zaunar da yaro a riƙe gwiwar hannunsa a jikinsa a sa masa biskit a tafin hannun, in ya kai baki ba tare da ya sunkuyar da kai sosai ya tarbi hannun ba ya ci gwajin, in ya kasa a yi aiki. Wata tara ɗin ya yi daidai da allurar ƙyanda, kina iya gwadawa a gida.

Abin da duk suka haɗu a kai, hannu duka a sake har yatsu, musamman da alamar idon nan, wajen wata uku ake yi, saboda yatsu su suka fi nisa da wuya. Saɓanin nasu a kan na saman ne kawai. Ni a ganina, a wajenmu gara a yi lissafi irin na Gilbert ko da aikin zai kai wata shida, don wanda yake Toronto in aka ce yau ana so a yi, cikin 'yan makonni an yi, mu kuwa kafin a samu likitan, a yi gwaje-gwaje, a haɗa kuɗi, in fita za'a yi ga fasfo ga biza, wata uku ta tafi ba'a ankara ba. Wanda ya fara neman hanya a allurar sati 14 zai shiga tiyata a kan lokaci, in kuma hannun ya tashi kafin ranar ai sai hamdala a soke.

Ita tiyatar jijiyar iri biyu ce. Akwai dashe, a buɗe gindin wuya a yanke tabon da ya toshe hanya, a ɗauko wata siririyar jijiya daga bayan sha-raɓar yaron a yi gada da ita tsakanin bakin biyun a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Cire ta baya hana tafiya, abin da take bari ɗan wuri ne a gefen ƙafa da jin taɓi zai ragu. Amfanin dashe yana gyara abin daga tushe, kafaɗa da gwiwa da yatsu duk a aiki ɗaya, kuma likita yana ganin ainihin ɓarnar da idonsa. Wahalarsa aiki ne na awanni da yawa, tafiyar jijiyar da nisa, kuma dole a samu kututturen jijiya mai rai a wuya da za'a jona daga gare shi, inda aka tumɓuke babu.

Na biyun aro ne, a ɗauko reshen wata jijiya lafiyayya da ke kusa a karkato shi a jona wa wadda ta mutu dab da tsokar. Wanda yafi shahara shi ne na Christophe Oberlin, shima a Faris, 1994, a tsakuro zare daga jijiyar da ke zuwa yatsu a cikin damtse a bai wa tsokar lanƙwasa gwiwa. Akwai na kafaɗa da ake arowa daga jijiyar da ke ɗaga kafaɗa sama, in an rasa kuma har ta tsakanin haƙarƙari ana arowa. Tunda jonin kusa da tsoka yake, motsi ya fi saurin dawowa, shi yasa ya fi dacewa da yaron da aka kawo a makare, wata goma ko shekara, da kuma wanda na samansa suka tumɓuke. Amma na Oberlin sai yatsu suna da lafiya, ba'a aro daga wanda bashi da shi, kuma kowane aro abu ɗaya yake gyarawa. Yawancin ƙwararru suna haɗa biyun ne gwargwadon abin da suka tarar, don haka wannan ba zaɓin da iyaye za su yi ba ne, amma likitan da iri ɗaya kawai ya iya zai ba ki abin da ya iya ne, ki tambaya.

Kuma a shiga da sanin cewa ba'a fitowa tiyata hannu ya tashi. Za'a ɗaure hannun sati uku zuwa huɗu, sannan a koma gashi, watanni za su wuce kamar ba'a yi komai ba, wani lokacin ma ɗan motsin da yake da shi ya ragu na ɗan lokaci, sai wajen wata shida zuwa tara a fara ganin alama, a ci gaba da samun ƙari har shekara biyu zuwa huɗu. Abin da ake nema hannun da zai kai abinci baki, ya riƙe abu, ya taimaki ɗan uwansa wajen sa riga da ɗaukar kaya. Sau da yawa yakan ɗan fi ɗayan gajarta da siranta, wannan a sani tun farko.

A ina. Gashi da bibiya da hoton kafaɗa ana samu a gida, asibitin ƙashi na Dala a Kano, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato, Maiduguri, Jos, duk suna da sashen gashi da likitocin ƙashi. A Nijar akwai asibitin yara na CURE a Yamai da yake aikin ƙashin yara. Tiyatar jijiyar jariri kuwa masu yinta kaɗan ne a ko'ina a duniya, tana son likitan da ya saba da ita, madubin aiki, da mai ba da maganin barci da ya saba da jarirai, don haka ki nemi likitan ƙashi ko na tiyatar gyaran jiki ya tura ku da takarda wajen wanda yake yi. Masu fita waje, jami'ar Asyut a Masar da asibitin Ganga a Coimbatore ta Indiya suna cikin wuraren da aka sani da wannan aikin. Ko a gida ko a waje tambayoyin ɗaya ne, jarirai nawa yake yi wa wannan aikin a shekara, dashe yake yi ko aro ko duka, wa zai bi yaron bayan an dawo. Maigida, wannan naka ne, kar ka biya ɗan kamasho kuɗin jirgi kafin likitan da kansa ya ga bidiyon yaron ya faɗi abin da zai yi.

Akwai wata hanya a tsakiya da mutane basu cika sani ba, ta yaron da jijiyarsa tana dawowa amma kafaɗa ta fara ƙin juyawa waje. Ana yi wa tsokokin da suka fi ƙarfi allurar Botox su yi laushi na wata uku zuwa huɗu, a mayar da kafaɗar gurbinta a sa siminti ko abin ɗauri na 'yan makonni, masu raunin su samu sarari su yi ƙarfi. Bata gyara jijiya, kuma tasirinta yana gushewa, amma a ƙaramin yaro tana iya jinkirta tiyatar kafaɗa ko ta sa a tsallake ta. Sikanin kafaɗa irin wanda ake yi wa masu ciki ya isa ya nuna gocewar a jariri, ba sai an kai ga MRI da maganin barci ba.

Toh wanda yaronsa ya riga ya shekara uku ko bakwai fa, yana karanta wannan zuciyarsa na ƙuna? Lokacin jijiya ya wuce gaskiya, duk wanda yace zai jona jijiya a shekara shida hannu ya dawo a yi hattara da shi. Amma akwai tiyatar tsoka da ƙashi, kuma ita likitocin ƙashinmu sun fi sabawa da ita. Yaron da in zai kai loma baki sai ya ɗaga gwiwar hannu har saitin kafaɗa, baya iya taɓa ƙeyarsa, daga wajen shekara biyu zuwa sama ana sassauta tsokar gaban kafaɗa da ta ɗaure, a ciro jijiyar da ta ɗaure tsokar bayan hammata a jikin ƙashi, ba ta saƙon motsi ba, a mayar da ita inda zata riƙa juya hannu waje tana ɗaga shi. Wannan yana aiki ne in gurbin kafaɗar bai gama lalacewa ba. In ya lalace, a babban yaro, sai a yanke ƙashin damtse a juya shi a ɗaure da ƙarfe, motsin bai ƙaru ba amma an mayar da shi inda yake da amfani, hannu ya daina kallon ciki. Gwiwar da ta ƙi miƙewa kuma siminti ake canzawa sati-sati da abin ɗaurin dare. Bambancinsu da tiyatar jijiya, ita tana dawo da tsokar da ta mutu, su kuma suna rarraba ƙarfin da ya rage ne, shi yasa suka fi amfani a kafaɗa, a yatsun da basu taɓa motsi ba kuwa abin da za su iya kaɗan ne. Wasu yaran ma da aka yi musu ta jijiya suna jarirai sukan buƙaci ta kafaɗar daga baya.

In hannun dama ne, kuma shi yafi yawan taɓuwa, akwai wata wahalar da ba ta asibiti ba. Yaro zai ci da hagu ya miƙa gaisuwa da hagu ya riƙe alƙalami da hagu, sai a yi ta buge masa hannu a gida da makarantar allo. A je a yi wa malam bayani tun ranar farko, lalura ce. A gida kuma a jawo hannun cikin wasa ba da tsawa ba, a ba shi abin da sai da hannu biyu ake riƙewa, ƙwallo babba, kofi, tafi, rarrafe. Wasu ƙananan sukan ciji yatsun hannun har su ji ciwo saboda yadda suke jinsa wani iri, a sa safar hannu a faɗa wa likita.

Sai cikin gaba. Wadda kafaɗar ɗanta ta taɓa maƙalewa ta fi sauran mata haɗarin a sake, don haka ranar farko ta awo ki faɗa da bakinki ko ba'a tambaya ba, a gwada suga, a auna girman ɗan a watannin ƙarshe, a haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata, in likita ya ga ɗan ya yi girma yace aiki za'a yi, maigida ya sa hannu da wuri tun kafin naƙuda ta kankama.